Ga Kogi, Ga Kaya, Ina Jirgin?

'Yan'uwa manoma, kowace shekara idan lokacin sayen taki ya zo, ko lokacin sayar da amfanin gona, magana ɗaya ce take fitowa a taron ƙungiyoyinmu, watau kuɗin mota. Takin da aka yi a bakin teku yana iso mana da tsada. Masara da waken soya da muka noma kuwa, ɗan kasuwa yana saye da araha, ya ce ai mota ce za ta cinye ribar. Man dizal da manyan motoci suke sha ya yi tashin gwauron zabi a 2022, a 2023 kuma aka janye tallafin fetur, sai ƙananan motocin da suke kwaso kaya daga ƙauye su ma suka ƙara kuɗi.

Ana cikin wannan hali, ga manyan koguna biyu, Kwara da Binuwai, suna ratsa ƙasarmu suna gangarawa teku babu kayan kowa a bayansu sai na kwalekwale. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ra'ayinmu shi ne, ya kamata a mai da kogunan nan bakin aikin ɗaukar kaya masu nauyi, kuma kada mu manoma mu ɗauka zancen na manyan Abuja ne kaɗai. Bari mu duba dalili.

Yadda aka yi a dā

Kafin a shimfiɗa kwalta ko a kafa dogo, kogi ne babbar hanya. Nufawa da Kakanda da Jukunawa da sauran mazauna bakin ruwa sun daɗe suna fatauci a cikin manyan jiragen katako. Da Turawa suka zo, ta ruwa suka shigo. Kamfanin Neja, wanda ya sami izinin mulki daga Ingila a 1886, a bakin kogi ya kafa kantunansa, a Lakwaja da Ibi da Yola. Ta Binuwai ne kuma masu bishara na farko suka iso Ibi a 1904, suka iso Numan a 1913.

Jirgin ƙasa ma da ya fara isa Kano a 1911, daga Baro aka ja layinsa, wani gari a bakin Kwara cikin Jihar Neja ta yanzu. Dabarar ita ce jirgin ƙasa ya sauko da kaya zuwa Baro, jirgin ruwa ya karɓa ya kai Burutu ko Warri, inda jiragen teku suke jira. A gefen Binuwai kuwa, idan ruwa ya cika da damina, jiragen kamfanin UAC da na John Holt sukan hau har Makurɗi da Ibi da Lau da Numan da Yola, su zarce Garwa cikin Kamaru. Sukan hau da gishiri da siminti da kananzir da yadi, su sauko da gyaɗa da auduga da riɗi da fatu. Audugar arewacin Kamaru da ta Cadi ma ta wannan hanya take fita.

Abubuwa da dama ne suka taru suka kwantar da wannan ciniki. Da aka haɗa layin dogo na Ikko da na Kano, kayan Arewa suka koma bin Ikko, Baro ta fara ja da baya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsai da jirage a ƙasan Kwara ƙaf, kuma bayan yaƙi ba su dawo kamar dā ba. Sai ga kuɗin man fetur ya shigo, aka yi tituna, mai ya yi araha, kowa ya koma mota. A 1982 Kamaru ta gama madatsar ruwa ta Lagdo a saman Garwa, yanayin cikar Binuwai ya sauya. A duk tsawon shekarun nan yashi yana ta taruwa a cikin kogi, ba mai kwashewa.

Lissafin jirgi da mota

Mu yi lissafi irin na sakataren ƙungiya. Tirela ɗaya takan ɗauki ton 30, watau buhun taki 600 mai kilo 50. Akwai wani irin faffaɗan jirgin dako marar inji, wanda ƙaramin jirgi mai ƙarfi yake turawa. A ce guda ɗaya ya ɗauki ton 600. Kayan tirela 20 ke nan, buhun taki 12,000 a tafiya ɗaya. Idan aka ɗaura irinsa biyu ko huɗu, inji ɗaya ne dai zai tura su duka. Ruwa ne yake ɗaukar nauyin, inji turawa kawai yake yi, shi ya sa man da kowane buhu zai ci a ruwa bai kai wanda zai ci a mota ba. Babu taya da za ta fashe, babu rami, babu gada da za ta gaji.

Wannan ba mafarki ba ne. A Amurka, manoman masara da waken soya na tsakiyar ƙasar suna da nisan fiye da kilomita 1,000 daga teku, amma suna sayar wa duniya hatsi da araha domin Kogin Misisifi. Jirgin dako ɗaya a can yana ɗaukar kamar ton 1,500, kuma akan ɗaura 15 wuri ɗaya. Wajen kashi 60 cikin ɗari na hatsin da ƙasar take fitarwa waje ta wannan kogi yake bi. Gwamnatinsu ce take yashe shi kullum domin kada zurfin hanyar jirgi ya kasa ƙafa 9. A kakar 2022, da fari ya sa ruwan ya ja baya, kuɗin dako ya hau, farashin da ake ba manomi a bakin kogi ya faɗi nan da nan. Ashe ko a can, zurfin kogi yana cikin aljihun manomi.

Mu ma abin da ya shafe mu ke nan. Manyan masana'antun takin yuriya na ƙasar nan duk a kusa da teku suke: biyu a Eleme da Onne kusa da Fatakwal, ɗaya a Lekki ta Ikko wadda aka buɗe a 2022. Masu bukatar takin kuwa yawancinsu muna nan Arewa da tsakiyar ƙasa. Riɗi da waken soya da citta da zoɓo da ake fitarwa waje a wajenmu ake noma su, sai sun gangara teku. Kayan hawa yana nan, kayan sauka yana nan, kogi kuma yana tsakani.

An kashe kuɗi, me aka samu?

Ba za mu ce Gwamnati ba ta taɓa tunawa da kogi ba. A 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka gina tashar jirgin ruwa a Anacha. Ta yi shekara da shekaru a kwance, aka gyara ta aka sāke buɗewa a 2012, a 2022 kuma aka ba wani kamfani hayarta ta shekara 30. A 1997 aka kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa, wadda ake kira NIWA, da hedkwatarta a Lakwaja. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, a kan kuɗi wajen naira biliyan 36. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar Baro, wadda ta ci kusan naira biliyan 6.

To, shekara biyar bayan wannan buki, tashar Baro ba ta fara aikin da aka gina ta dominsa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An gina tasha kafin a gama hanyar motar da za ta kai ga ƙofarta daga Agaie da Katcha. Tsohon layin dogo na Minna zuwa Baro ya daɗe da mutuwa. Yashin da aka kwashe kuma, kowace damina tana kawo wani a madadinsa. Binuwai ko wannan rabon bai samu ba.

Darasin da muka ɗauka shi ne, tashar jirgin ruwa kamar tukunya ce a kan murhu, sai da duwatsu uku take zama. Dutse na fari, zurfin ruwa wanda ake kula da shi kowace shekara, tare da alamun da za su nuna wa matuƙi inda hanya take. Na biyu, hanyar tudu mai kyau, ta mota ko ta dogo, daga tasha zuwa kasuwa da gona. Na uku, kaya mai yawa wanda aka tara wuri ɗaya yana jiran jirgi. In ɗaya ya ɓace, tukunya ta kife, ko da an kashe biliyan nawa wajen sayenta. Saboda haka muna roƙon masu mulki kada su sāke aza tubalin wata sabuwar tasha sai sun sa guda ɗaya ta yi aiki daga farko har ƙarshe. Hanya ɗaya mai rai, daga Warri zuwa Anacha zuwa Lakwaja da Baro, ta fi tasha goma da aka yanka wa ƙyalle aka kulle.

Tashoshin teku ma abin ya shafe su. Dattawanmu suna tune da 1975, lokacin da ɗaruruwan jiragen siminti suka yi cirko-cirko a bakin Ikko babu wurin sauke kaya, abin da ya sa aka gina tashar Tin Can a 1977. A 'yan shekarun baya kuma tireloli sukan kwana makonni a kan hanyar Apapa suna jiran shiga, har aka koma kwashe akwatunan kaya da jiragen dako ta cikin ruwan Ikko domin a rage cunkoso. An buɗe sabuwar tasha mai zurfi a Lekki a 2023, an kuma buɗe tashoshin tudu a Kaduna a 2018 da Dala ta Kano a 2023. Duk wannan ci gaba ne. Amma muddin kusan kowane buhu sai ya hau mota daga teku zuwa Arewa, titi zai ci gaba da farfashewa, mu kuma mu ci gaba da biya.

Masu cewa ba zai yiwu ba

Akwai 'yan'uwa masu hankali da ba su yarda da wannan magana ba, kuma ya kamata a saurare su.

Suna cewa kogi na damina ne kawai. Game da Binuwai gaskiya ne, manyan jirage ba sa iya hawansa sai tsakanin Yuli da Oktoba, can sama wajen Yola ma lokacin bai kai haka ba. Ga kuma wata matsala da mu manoma muka fi kowa ganewa: muna bukatar taki a Mayu da Yuni, kafin ruwa ya cika, muna girbi daga Oktoba zuwa Disamba, bayan ruwa ya fara janyewa. Kamfanonin dā sun san haka, shi ya sa suka gina manyan sito a bakin kogi. Sukan sayi kaya da kaka, su ajiye, su loda idan ruwa ya kawo. Maganin matsalar ke nan har yau. Takin da ya hau a Agusta zai yi noman rani, ragowar ya jira damina mai zuwa a sito mai kyau. Shi kuwa Kwara ya fi sauƙi, gama bayan ruwan daminarmu akwai wani ruwan da yake tasowa tun daga duwatsun Gini, ba ya isowa sai da rani, ga kuma madatsun Kainji da Jebba da suke sakin ruwa dukan shekara.

Suna cewa jirgi ba ya sauri. Haka ne. Ba wanda zai sa tumatir ko ɗanyen barkono a jirgin da zai yi kwanaki a hanya. Amma taki da siminti da gishiri da busasshen hatsi da riɗi ba sa gaggawa, sannu ba ta hana su zuwa. Idan aka ɗauke waɗannan daga kan titi, motar tumatir ma za ta sami hanya mai lafiya.

Suna cewa lodi da saukewa sau biyu zai cinye ribar. Wannan gaskiya ne idan tafiyar gajeriya ce. Daga Makurɗi zuwa Lafiya mota ta fi. Amfanin jirgi yana fitowa ne a doguwar tafiya da kaya mai yawa, kuma sai tasha tana da na'urar ɗaga kaya da take aiki.

Suna cewa direbobi za su rasa abinci. Jirgi ba ya shiga ƙauye. Kowane buhu da ya sauka a tasha mota ce za ta kai shi Shendam ko Wukari ko Bida. Direban da yake yin mako biyu a hanyar Ikko zai koma yin sawu da yawa kusa da iyalinsa.

Akwai kuma masu cewa a yashe kogi domin a huta da ambaliya. A nan sai mu yi hattara. Yasa tana taimakawa, amma ba za ta iya shanye ruwa irin na 2012 da na 2022 ita kaɗai ba. Abin da ambaliyar 2022 ta koya mana dabam ne: da ruwa ya rufe hanyar Lakwaja zuwa Abuja wajen Koton Karfe, tankoki da tireloli suka maƙale kwanaki, har mai ya yi wuya a Abuja. Ƙasar da ta rataya dukan kayanta a kan titi ɗaya, ranar da titin ya nutse ba ta da ta cewa.

Wa zai yi me?

Kogin kansa a hannun Gwamnatin Tarayya yake, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar da haka a Janairu na 2024. Yasa da alamun hanya da tsaron jirage daga 'yan fashin ruwa nauyinta ne. Amma ƙananan hanyoyin da suke zuwa bakin kogi, da filin gina sito, da kasuwanni, na Jiha ne da Ƙaramar Hukuma. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 kuma Jiha tana da ikon shimfiɗa layin dogo nata. Don haka Jihohin Neja da Kogi da Binuwai da Nasarawa da Taraba da Adamawa ba su da hujjar naɗe hannu. Duk Jihar da take tsara yadda kaya za su riƙa shiga da fita cikinta, ta sa kogi a cikin lissafi tare da titi.

Dutse na uku na murhun nan kuwa, watau kaya, namu ne. Mai jirgi ba zai hau kogi domin buhu hamsin ba. Ga abin da muke ba ƙungiyoyinmu shawara su fara tun yanzu, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ɗaya, kowace ƙungiya ta rubuta yawan takin da take saye a shekara, da yawan hatsi da riɗi da waken soya da take sayarwa, da abin da ta biya na mota a kan kowane buhu. A tara wannan lissafi a gunduma. Idan wakilanmu suka je gaban ɗan majalisa ko kwamishina da takarda mai alƙaluma, za a saurare su fiye da mai kuka da baki kawai.

Na biyu, ƙungiyoyin da suke kusa da juna su haɗa odar taki da ta siminti, su kuma haɗa kayan sayarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko jirgi bai zo bana ba, wanda ya cika tirela uku ya fi mai buhu ashirin ƙarfin ciniki.

Na uku, mu sa kuɗi a sito mai rufi da daɓe mai kyau, a kan tudu inda ambaliya ba ta kaiwa, da katako a ƙarƙashin buhuna. Mu busar da kaya sosai, mu tsabtace shi, mu auna da ma'auni ɗaya. Kayan da zai jira jirgi watanni, in da laima a jikinsa asara ce.

Na huɗu, mu daina noma har bakin gaɓa, mu bar ciyawa da itatuwa su riƙe ƙasa. Yashin da yake toshe Binuwai ba daga sama ya faɗo ba. Daga gonaki da tuddai da aka sare wa itace yake gangarowa ta Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala. Ƙasar da ta bar gonarmu hasara biyu ce: gona ta rame, kogi ya cike.

Na biyar, mu kula da rai. A Mayu na 2021 jirgi ya nutse da mutane masu yawa wajen Warrah a Jihar Kebbi. A Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka rasu kusa da Pategi a Jihar Kwara suna dawowa daga biki da dare. Lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar ruwa, su ne suke kashe mutane. Ƙungiyar da take bakin kogi ta sayi rigunan ruwa kamar yadda take sayen injin feshi, ta kuma kafa doka cewa ɗanta ba zai shiga jirgin da aka cika maƙil ba. Idan mutane suna tsoron kogi, ba za su amince masa da dukiyarsu ba.

Na shida, idan masu neman ƙuri'a suka zo da alkawarin sabuwar tasha, mu yi musu tambaya uku cikin ladabi: Wa zai riƙa yashe kogin kowace shekara, da wane kuɗi? Yaushe za a gama hanyar da za ta kai tashar? Wane kaya ne jirgin farko zai ɗauka? Wanda ya kasa amsawa, gini kawai yake so ya yi.

Ba mu ce wannan aiki zai ƙare bana ko baɗi ba. Amma kakanninmu sun ga jirage suna lodin gyaɗa da riɗi a Ibi da Numan da injunan da ba su kai na yau ƙarfi ba. Abin da ya yiwu a lokacinsu zai yiwu a namu, in Gwamnati ta riƙe nata, mu ma muka riƙe namu. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taron wata mai zuwa, su fara da lissafin kuɗin mota na bara, su aiko mana da abin da suka samu domin mu buga kowa ya gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye masu tafiya a ruwa da tudu.